Kabeji Ɗari Biyu da Kafaɗa Ɗaya

Ku da kuka saba bibiyata a wannan shafi, da ku da kuka faɗo yau, ku gyara zama. Musamman ku da kuka cika min akwatin saƙo da "Dasom ki kwantar da kai, namiji irin Wonshik ba a tsintarsa a kan titi". Yau da ku nake. Ku karanta har ƙasa, sannan ku dawo ku sake ba ni shawarar in kuna da sauran baki.

Sunana Ryu Dasom, shekarata talatin da ɗaya, askin karnuka ce sana'ata. Ina da ɗan shago a garin Cheongju, tsakanin mai wanki da guga da mai soya kaza. Tebur ɗaya ne a ciki, bahon wanka ɗaya, sai almakashi bakwai waɗanda ko Omma da ta haife ni ba na bari ta taɓa. Shekara tara ke nan hannuna na hagu yana riƙe da haɓar kare, na dama yana sama a miƙe daga safe har yamma. Wanda bai taɓa riƙe injin busar da gashi awa biyu cur a kan kare mai gashi kamar katifa ba, kada ya zo min da labarin gajiya.

Ciwon ya faro ne tun bazara, ɗan tsini a saman kafaɗar dama in na miƙa hannu zan ɗauko tawul a kantar sama. Na yi abin da duk mai sana'ata take yi, na manna filasta mai warin man zafi na ci gaba da harkata. Jiki magayi. Kafin watan goma ya ƙare na daina iya jan zif ɗin rigata ta baya, taje kaina ma sai da hagu. Ranar da almakashi ya suɓuce min ya faɗi dab da ƙafar wata 'yar ƙaramar karya, a ranar na rufe shago na tafi asibiti.

Likitan wani dattijo ne marar son dogon zance. Ya shafa min ruwan nan mai sanyi, ya goga na'urarsa, ya juyo min da allon.

"Jijiyoyi huɗu ne suka riƙe kan ƙashin kafaɗa," ya ce. "Ta saman taki ta fara tsagewa. Rabi ya tafi, rabi ya rage."

"To yanzu fa?"

"Sati shida ba ɗaga kaya sama da ƙirji. Gwiwar hannu ta zauna kusa da haƙarƙari. Ki sauke teburinki ƙasa, ki bar manyan karnuka, ƙanƙara minti goma sha biyar bayan aiki. Za su koya miki jan roba a ɗakin gashin ƙashi."

"In ta ƙarasa tsagewa fa?"

Ya cire tabarau ya dube ni. "Sai a yi aiki. Wata shida ba ke ba almakashi, kuma ba zan yi miki alkawarin hannun zai koma yadda yake ba."

Na ji tsoro, ba zan ɓoye muku ba. A mota na zauna na yi kuka kafin na iya tayar da ita. Wannan hannun shi ne shagona, shi ne duk abin da na gina da kaina ba tare da kowa ya miƙa min ba. Don haka na bi dokar likita kamar ɗalibar da ke tsoron bulala. Na sauke tebur har daidai ƙuguna. Na sa aka ƙera min ɗan gangare na katako, karnuka suna hawa baho da ƙafafunsu. Na sayi sandar da ke riƙe injin busar da gashi. Kowace safiya na ɗaura jar roba a marikin ƙofa, in matse ɗan tawul a hammata, in ja a hankali sau goma sha biyar. A sati na uku har na fara iya ɗaure gashina da hannu biyu.

Yanzu bari in gabatar muku da gwarzonku. Yeom Wonshik, shekara talatin da shida, ma'aikacin gwamnati a ofishin gunduma, mai gida nasa a hawa na goma sha ɗaya. Omma da uwarsa a ƙungiyar hawan dutse suka haɗu, suka gama auren a saman dutse kafin a tuna a gaya mana. Aka turo shi shagona da sunan ya kawo karensa wanka. Dubu sunan karen, fari sol, kilo ashirin da takwas, kuma gaskiya ya fi ubangidansa iya gaisuwa.

Shi ma Wonshik ya taɓa ciwon kafaɗa, in za a kira wannan ciwo. Nannaɗe igiyar kare yake yi a wuyan hannu yana tafiya yana kallon waya. Wata rana Dubu ya hango kyanwa ya fizga, shi ke nan. Ya shigo shagona rungume da hannunsa sai ka ce jaririn da aka haifa jiya. Ni na koya masa ya gajarta igiya, ya riƙe da hannu biyu a gaban cibiya, in zai yi nisa ya ɗaura ta a ƙugu. Ni na ba shi ledar ƙanƙara da robar jan hannu. Kwana goma ya warke garas, har ya turo min bidiyonsa yana buga golf da abokai. Amma baƙin maɗaurin nan na kafaɗa bai daina sa shi ba, musamman in zai je gidan uwarsa.

Ranar da na dawo daga asibiti na tura masa hoton kafaɗata da duk bayanin likita. Na ɗauka wanda ya ɗanɗana zai gane. Amsarsa ta zo bayan awa ɗaya: fuskar kuka guda ɗaya. Sai saƙo na biyu: "To wankan Dubu na ranar Asabar fa?"

Ku rubuta wannan ku ajiye, ku masu cewa ba a tsintarsa a titi.

Safiyar wata Laraba ina zaune a falo da ledar ƙanƙara a kafaɗa, Omma ta fito daga kicin da waya a hannu, fuskarta washe.

"Mahaifiyar Wonshik ta gayyace ki haɗa kimchin hunturu ranar Asabar, a gidansu na ƙauye. Ni ma zan je in taya su."

Ga wanda bai sani ba, kimchi kabeji ne da ake jiƙawa da gishiri, a shafe da barkono, a ajiye a ci duk hunturu. "Kabeji nawa?" na tambaya.

"Ɗari biyu."

"Omma, likita ya ce sati shida. Yau sati uku da kwana biyu."

"Likita zai aure ki?"

"Hannuna ne fa."

"Hannun da kika ƙarar a kan karnukan mutane? Don kare kin ɗaga kilo talatin shekara tara, don surukarki ba za ki ɗaga kabeji ba?" Ta zauna kusa da ni ta sassauta murya, wadda ita ce muryarta mafi haɗari. "Dasom, kin san abin da gayyatar nan take nufi. Ba a kiran bare wurin kimchi. Wadda aka kira, an riga an yi mata wuri a gidan. Kada ki kuskura ki ce kafaɗa a gabansu. Wa zai ɗauki suruka mai hannu ɗaya?"

Na yarda zan je. Kuna iya cewa raki ne, kuma ba zan musa ba. Tun da mahaifina ya rasu mu biyu ne a gidan nan, kuma Omma ta iya kallon mutum har ya ji shi ne ya kashe mata miji.

Na shiga ɗaki na rubuta wa Wonshik, ina kiran mahaifiyarsa Omonim, yadda ake girmama suruka: "Wonshik-ssi, ka gaya wa Omonim maganar kafaɗata? Ba zan iya ɗaga kaya ba."

"Kada ki damu, na san yadda zan yi."

"Yaya za ka yi?"

"Ki zo kawai ki nuna fuska. Yankan albasa ne da hira."

Ya haɗa da hoton zomo yana riƙe da zuciya. Mutum mai shekara talatin da shida.

Ranar Asabar Omma ce ta zaɓa min kaya. Rigar sanyi mai ruwan madara, sabuwa fil, wai don in yi haske, a wurin da za a yini ana dama barkono. Baƙin wando, 'yan kunne ƙanana na lu'ulu'un ƙarya, jan baki marar ƙarfi. Da na zo wucewa ta gabanta ta shaƙi iska, ta sa hannu ta wuyan rigata ta ɓalle filastar da na manna, ta jefa a shara.

"Warin tsofaffi kike yi," ta ce, ta fesa min turarenta.

Ƙarfe tara muka isa. Tsakar gidan a shimfiɗe yake da shuɗin tamfol, manyan robobi ja guda biyar, ga kabejin da aka jiƙa da gishiri tun jiya an jera shi a kan karkataccen katako yana tsiyayar ruwa. Sanyi yana cizon kunne. Mahaifiyar Wonshik tana tsaye a tsakiya tana ba da umarni, gashinta a murɗe irin na matan ƙungiyarsu, da rigar auduga mai furanni marar hannu, da safar roba ruwan hoda har gwiwar hannu. Gwaggonninsa biyu suna tsugune suna gurza farin radish, wata saiwa mai kama da ƙaton karas. Na sunkuya na gaishe su ɗaya bayan ɗaya.

"Omonim, mun same ku lafiya?"

Ta dube ni daga 'yan kunne har takalmi. "Biki kika zo?" Ta miƙo min atamfar gaba ta leda da safar hannu. "Sa wannan."

Shi kuwa ango yana zaune a dandamalin katako na bakin ɗaki, inda rana take sauka. Bargo a cinya, matashi a baya, jakar ruwan zafi a kafaɗa, baƙin maɗaurin nan a saman riga don kada wani ya manta. Dubu na kwance a ƙafarsa. Ya ɗago min hannu, na hagu, yana yamutsa fuska kamar ɗagawar ma sadaukarwa ce.

"Kada kowa ya sa min yaro aiki," in ji Omonim. "Kafaɗarsa ba ta gama haɗewa ba. Kafaɗa ba abin wasa ba ce."

"Gaskiya ne," in ji Omma, ba ta ko kalle ni ba.

Albasar da aka yi min alkawari ban gan ta ba, an riga an yanka. Aikina shi ne kwaso kabeji daga katako zuwa robobi, taku goma sha biyar. Wanda bai sani ba ya sani, kabejin da ya sha gishiri ya fi ɗanye nauyi, ga santsi. Sai na koma ga dabarun shago. Na riƙa rungumar biyu biyu a cikina kamar yadda nake ɗaukar ƙaramin kare, nauyin a hagu, hannun dama yana tallafe kawai, gwiwarsa manne da haƙarƙari. In zan ajiye, da gwiwoyin ƙafa nake sauka. Gwaggo babba tana kwasar huɗu huɗu tana wuce ni.

"Amaryarmu ƙwai take ɗauka?" ta tambayi iska.

Da aka zo shafa haɗin barkono, kowa ya tsuguna ya miƙa hannu tsakiyar roba. Miƙa hannu gaba da nauyi shi ne abin da kafaɗata ta fi tsana. Na hango wani akwatin lemo na roba a gefe, na kifa shi, na ɗora ƙaramin baho a kai, na jawo shi har ya taɓa cikina. Ganye ɗaya bayan ɗaya nake ɗagawa da dama in shafa da hagu.

"Ku ga ikon Allah, ta kafa tebur," in ji gwaggo ƙarama. "Haka kuke yi wa karnukan?"

"Haka muke yi, Gomonim. Su ma sun fi son a ɗaga su."

"Ni dai tunani nake, hannun da ke wanke bayan kare shi ne yau cikin kimchinmu."

"Ai ta sa safa," in ji Omonim, wai ita ce mai kare ni.

Suka kwashe da dariya, har da Omma, wadda dariyarta ta fi ta kowa tsawo. An ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Wanda ya faɗi haka bai taɓa zuwa wannan tsakar gida ba.

Kafin azahar rigata mai ruwan madara ta zama taswira, yatsuna sun mutu da sanyi a cikin safa, kafaɗar kuma ta fara zogi, amma zogin gajiya ne, ba tsinin nan da na sani ba. A raina na ce na tsallake. Har wani ɗan alfahari na ji, na yi kabeji ɗari biyu ban karya dokar likita ko sau ɗaya ba, kuma babu wanda ya gane.

Aka kawo dafaffen naman alade yana tururi, abincin ranar kimchi. Omonim ta yago ganyen da aka gama shafawa, ta naɗe yanka mafi kyau a ciki, ta taka har dandamali ta sa wa ɗanta a baki. Ya buɗe baki ya karɓa, ya lumshe ido yana tauna.

"Ya ji gishiri, ɗana?"

"Ya ɗan yi ƙasa, Omma, amma ba laifi."

Mata biyar sun yini a tsugune, shi ne mai yanke hukuncin gishiri. Na dube shi da barkono a gefen baki, na tambayi kaina wai wannan ne wanda kuke cewa in kwantar wa kai. Raini ne ya cika min ciki har na kasa cin naman.

Bayan an ci abinci aka danna kimchin cikin robobi masu murfi, kowace ta kai kilo goma sha biyar. Aka jera su a bakin ɗakin ajiya da ke bayan kicin. Gwaggonni suka cika kantar ƙasa da ta tsakiya, suka rage guda shida. Kantar da ta rage tana daidai goshina.

"Dasom," in ji Omonim, "ke ce doguwa, ke ce mai ƙuruciya. Ɗora mana waɗannan a sama."

Na tsaya. Kilo goma sha biyar, sama da kai, sau shida. Ko mai lafiyayyar kafaɗa sai ta ji a jikinta. Na juya na kalli Wonshik, mutumin da ya ce ya san yadda zai yi. Kansa na sunkuye a kan waya, babban yatsansa na aiki. Sai na ji tawa ta girgiza a aljihun wando. Na zare safa ɗaya na duba.

"Ki daure mana, guda shida ne kawai. Kada ki kunyata ni."

Taku goma ne tsakanina da shi. Yana da baki, yana da hannu biyu masu buga golf, amma saƙo ya turo.

Kuma kun san abin haushin? Na sunkuya. Ni Dasom, da duk bakina, na mayar da safa na kama robar. Da ƙafafu na ɗaga ta zuwa cikina, lafiya lau. Na tura ta zuwa ƙirji. A nan tsinin ya dawo, ba gargaɗi, kamar an soka min tsinin almakashi a saman kafaɗa an murɗa. Na ji sarai cewa in na ƙara taƙi ɗaya, rabin da ya rage zai bi ɗan'uwansa. Na sauke robar a hankali na ajiye ta inda na ɗauke ta.

"Omonim, ku yi haƙuri, ba zan iya ba. Jijiyar kafaɗata ta tsage. Likita ya hana ni ɗaga kaya sama da ƙirji."

Na jira ihu, ko salati, ko a ce an yaudare su. Sai kawai Omonim ta yi murmushi. Ta ɗaga hannunta na dama a hankali, ya zo daidai ƙirji ya tsaya cak, kafaɗar ta haɗe da kunne.

"Kin ga wannan? Shekara talatin da takwas bai wuce nan ba. A shekarata ta farko a gidan nan ya tsaya, a wannan ɗakin ajiyar. Wa na gaya wa?"

"Nawa na hagu ne," in ji gwaggo babba, ta ɗaga ta nuna kamar mai nuna zoben gwal. Ƙaramar ma ta ɗaga nata, suna dariya. Sai a lokacin na gane abin da ya sa kantar sama take zaune fanko tun safe. Babu mace ɗaya a gidan da hannunta yake kai wa can.

"Duk da haka mun yi girki, mun yi goyo, mun binne iyayen miji," in ji Omonim. "Kuma ki daina yi min sanarwa kamar sabon labari. Wonshik ya gaya min tun ranar da kika je asibiti. Har hoton ya nuna min."

Na dube ta. "Kun sani?"

"Ai shi ya sa na ce ki zo. Likita ya ce in ta ƙarasa sai ki ajiye almakashi, ko ba haka ya ce ba? To mene ne abin tsoro? Abin da ya rage na hannun ya isa aikin gida. Ni dai ba zan kai suruka gaban kabarin kakanni tana warin kare ba. Mun yi ta jira ki bari da kanki, ke kuma kin tsaya kina jan roba a ƙofa."

Har jan robar ta sani. Na juya wurin Wonshik. Ya sauke jakar ruwan zafin, ya miƙe tsaye, ya sosa ƙeya da hannun dama, wanda ya ɗaga har sama ba tare da ko yamutsa fuska ba.

"Dasom-ssi, ba yadda kika ɗauka ba ne. Mahaifiyata ba ta iya magana ba ne kawai."

"To kai ka iya. Faɗa min yadda ne."

"Ai dama bayan aure za ki bari. Da yanzu da an jima duk ɗaya ne. Kuma in an yi aikin ni zan riƙa kai ki asibiti, na riga na duba ranakun hutuna."

Ya riga ya duba ranakun hutunsa. Ni ina can ina ƙirga jan roba goma sha biyar kowace safiya, shi yana gaban kalanda yana tsara ranar da hannuna zai mutu. Ban taɓa raina ɗan Adam kamar yadda na raina shi a wannan minti ba, kuma ko fushi bai samu daga gare ni ba, don fushi ma sai wanda ya kai ake yi wa.

Mutum ɗaya ce ta rage min a tsakar gidan. Omma tana tsugune tana goge bakin wata roba da tsumma, tun da aka fara maganar ba ta ɗago ba. Uwar da aka faɗi irin wannan a gaban 'yarta ya kamata a ce ta miƙe, ko ta zaro ido, ko tsumman ya faɗi daga hannunta. Ita gogewa kawai take yi, wuri ɗaya, wurin da ya riga ya yi fes.

"Omma," na ce, "ke kika ce in ɓoye musu. Kin san sun sani?"

Ta ninke tsumman gida biyu, ta sake ninkewa.

"Shekara tara ina roƙonki ki bar shagon nan. Kin taɓa ji? Kullum ki dawo da cizo a hannu, gashi har cikin miya. Ni ba dawwama zan yi ba, Dasom. So kike in mutu in bar ki da karnuka?" Muryarta ta yi ƙasa. "Ɗauki robar. Mutane na kallo."

Na zare safar hannun, ɗaya bayan ɗaya, na shimfiɗa su a kan murfin robar. Na kwance atamfar ledar da hagu na ninke ta, don kada a ce 'yar Omma ba ta da tarbiyya.

"Su kalla," na ce. "Ranar Litinin ina da karnuka huɗu."

Na sunkuya wa Omonim daidai yadda ake sunkuya wa baƙuwa a titi, na nufi ƙofar gida. Babu wanda ya kira ni. Wonshik ya koma ya zauna, na ji ƙarar katakon. Na ɗora hannu a kan sakatar ƙofa, ina lissafin motar ƙarfe uku da ke wucewa ta bakin hanya.

Sai na ji muryar Omma a bayana, da wannan dariyar tata ta ba da haƙuri.

"Ku yafe mata, yarinta ce. Ni zan ɗora."

Na waiwaya. Omma shekararta sittin da huɗu, tsawonta bai wuce kafaɗata ba, bara aka yi mata aiki a baya. Ta riga ta sunkuya ta kama robar. Omonim ta ja gefe ta ba ta hanya, gwaggonni suka naɗe hannu. Ta ɗaga ta zuwa ciki da nishi, ta tura zuwa ƙirji, tana tsaye a kan jiƙaƙƙen tamfol. A nan ta tsaya. Ba kantar take kallo ba, ni take kallo ta saman murfin, tana jira.